Sau uku na nemi tallafin zuwa taro ba a ɗauke ni ba: in kwashe adashina in tafi?

"Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Gusau ce, shekarata 26. Ni da ƙawayena huɗu muna da 'yar ƙungiya, muna zagaya islamiyyun matan aure muna koya musu yadda za su tsare wayoyinsu daga masu kutse da 'yan damfara, muna kuma bin diddigin labaran da ake yawo da su a WhatsApp. Kullum ina ganin 'yan Legas da Abuja suna ɗora hotunansu a tarukan fasahar zamani da fafutuka a Nairobi da Kigali. Sau uku ina cike fom ɗin neman tallafin tafiya, ba a ɗauke ni ba. Nan da wata biyu zan ɗauki adashi, ina tunanin in biya wa kaina in je ko guda ɗaya ne. Shin tarukan nan suna da amfanin da ya kai haka? Kuma me nake yi ba daidai ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu biyu kike son sani: ko zuwan ya cancanci kuɗin adashi, da abin da ya sa ake tsallake sunanki idan an zo zaɓe. Bari in fara da na adashin tunda shi ne mai wa'adi. Kada ki zuba shi a tikitin jirgi. Na haura shekara goma ina zuwa irin waɗannan taruka, wasu masu taron suka ɗauki nauyina, wasu ofishinmu ya biya, guda ɗaya kuma na biya daga aljihuna, kuma shi kaɗai ne har yau nake cizon yatsa in na tuna. Taron kansa ba shi da laifi. Ni ce na je hannu rabbana, ba ni da zaman da zan yi magana, ban san kowa ba, ba wanda ya san da zuwana. Kwana uku ina shiga ɗaki ina fita, na dawo gida da jakar yadi da biro biyu da tarin katunan mutanen da ba su taɓa amsa saƙona ba.

Duk da haka mafi yawan ƙofofin da suka buɗe mini a wannan aiki, a wurin taro na fara ganin masu riƙe da makullinsu. Saboda haka ba hana ki zuwa nake yi ba, yadda za ki je nake son mu gyara.

Ba kowane taro ne naki ba

A hoto duk kama ɗaya suke yi: mutum ya rataya kati a wuya, ya tsaya gaban bango mai tambari yana murmushi. A ciki kuwa sun sha bamban, kuma kuskuren farko da nake gani wajen matasanmu shi ne cike duk fom ɗin da ya gifta ta gabansu.

Akwai tarukan manufofi, inda gwamnatoci da kamfanoni da ƙungiyoyin farar hula suke zama su yi ta muhawara kan yadda za a tafiyar da intanet. Babbansu shi ne IGF na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya samo asali daga taron ƙoli na Tunis a 2005, aka yi zamansa na farko a ƙasar Girka a 2006. Ya zo Nairobi a 2011, ya zo Addis Ababa a 2022, aka yi shi a Riyad a ƙarshen 2024. Ba a biyan kuɗin shiga, ana kuma iya bibiyarsa daga gida ta intanet. Yana da rassa: na Afirka, wanda Abuja ta karɓi baƙuncinsa a Satumban 2023, da na Afirka ta Yamma, da na Najeriya. Sai dai a IGF ba a yanke hukunci. Da gangan aka gina shi haka, zauren tattaunawa ne kawai. Wanda ya je yana jiran a tashi da doka zai dawo yana cewa surutu ya tarar.

Waɗanda suka fi kusa da aikinku su ne na 'yan fafutukar kare haƙƙi. Mafi girma a cikinsu RightsCon ne, na ƙungiyar Access Now, wanda aka fara a San Francisco ta Amurka a 2011, ya zo Tunis a 2019. Mutane dubbai, zama ɗaruruwa, har ki rasa ɗakin da za ki shiga. A nahiyarmu akwai FIFAfrica na ƙungiyar CIPESA da ke Kampala. Tun 2014 ake yinsa, galibi a ƙarshen Satumba, yana yawo ƙasa ƙasa: Accra a 2018, Lusaka a 2022, Dakar a 2024. Sai DRIF na Paradigm Initiative, ƙungiyar da Gbenga Sesan ke jagoranta, wanda ake yi a watan Afrilu, an yi shi a Nairobi a 2023 da Accra a 2024. Ita wannan ƙungiya ba baƙuwa ba ce a Arewa, ta yi shekaru tana horar da matasa a Dakata cikin Kano. Da ni ce ke, waɗannan biyun na Afirka zan sa a gaba, in ƙyale RightsCon tukuna. Sun fi ƙanƙanta, mutum ba ya ɓacewa a cikinsu, kuma matsalolin da ake tattaunawa irin namu ne.

Na 'yan kasuwa da masu talla, irin Social Media Week na Legas da aka fara a 2013 daga baya ya koma AfricaNXT, suna da daɗin kallo, amma mai neman abokan ciniki suka fi yi wa rana.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika kula da ita ba, ta masu rubuta Wikipedia. Taronsu na Afirka, Wiki Indaba, an yi shi a Abuja a 2019, na duniya kuma, Wikimania, ya sauka Nairobi a Agustan 2025. Abin da nake so da su shi ne aikin mutum a fili yake. Kowa na iya buɗewa ya ƙirga muƙalun da kika rubuta da Hausa, ba sai kin san wani ba. Matasan Arewa da dama ta wannan hanyar suka fara hawa jirgi.

Sannan ga na gida. A Kano cibiyar CITAD, ƙarƙashin Malam Y.Z. Ya'u, tana shirya taron masu tasiri a kafofin sada zumunta da ake kira KANSIS, ban da bitoci da horaswa da take yi a kai a kai. Kuɗin mota kawai ya raba ki da wannan. Kada ki raina shi don babu biza a ciki.

Me ake kwasowa a can?

Jawaban da ake yi a kan dandamali su ne mafi ƙarancin abin da za ki samu, domin yawancinsu za a ɗora a YouTube ki kalla kina kwance a ɗakinki. Abin da ba a ɗorawa shi ne hirar bakin ƙofa, da ta layin karɓar shayi, da ta cikin motar da ke mayar da mahalarta masauki. A nan ake sanin wa ke da kuɗin tallafi bai samu mai aiki ba, wa ke da aiki bai samu kuɗi ba, wane lauya ne ke neman shaidu, wane ɗan jarida ne ke neman wanda ya san gari.

Ga misali da ya shafe ki kai tsaye. Gamayyar #KeepItOn, wadda ke tattara bayanai tana kuma yaƙi da katse intanet a duniya, a taron RightsCon na 2016 aka ƙaddamar da ita. A Yunin 2020 kotun ECOWAS ta yanke cewa Togo ta keta haƙƙin 'yan ƙasarta da ta katse intanet a 2017. A Yulin 2022 kotun ta ce rufe Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka. Irin lauyoyin da ke kai waɗannan ƙararraki, da injiniyoyin da ke auna lokacin da layi ya ɗauke, da 'yan jaridar da ke yayatawa, ba a gari ɗaya suke zaune ba. A irin waɗannan taruka suke sanin fuskar juna, ranar da abu ya faru sai a ɗaga waya kawai. Ko BudgIT da ke warware wa talaka kasafin kuɗi, daga wata gasar fasaha da aka yi a cibiyar CcHub ta Legas a 2011 ta fito.

Nawa misalin ƙarami ne. Wata baiwar Allah a unguwarmu aka yi wa kutse a shafinta, mutumin ya riƙa yi mata barazana da hotunanta na cikin gida. Mun kai ƙorafi ta hanyar da kamfanin ya tanada, muka yi makonni shiru. Sai na tuna wata ma'aikaciyar kamfanin da muka ci abinci a teburi ɗaya a wani taro, na rubuta mata. Kafin kwana biyu an rufe shafin. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, domin bai kamata a ce sai mace ta san wadda ta san wani kafin a ceci mutuncinta ba. Amma haka abin yake, kuma mai aiki irin naku tana buƙatar irin wannan lambar a wayarta. Kafin ki same ta, ki sani Access Now tana da layin agajin tsaron intanet da ke aiki dare da rana kyauta ga ƙungiyoyi da 'yan fafutuka. Ba sai kin je taro za ki amfana da shi ba.

Kayan da ke hannunki

Yadda kika rubuta tambayarki ya nuna kina ganin kanki a matsayin mai zuwa ɗibar ilimi. Ina ganin nan ne gizo ke saƙar.

Ki tuna Satumban 2021, lokacin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ke kina ciki. Kin san yadda aka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don buga waya ko tura kuɗi kafin ita ma a rufe ta. Kin san halin da masu POS suka shiga. Kin san matar da mijinta ke ci-rani a Kudu ta yi makonni ba ta ji muryarsa ba, ba kuma ta ga kuɗin cefane ba. Kin kuma san abin da ɗan fafutukar Turai ba zai yi zato ba: mutane da yawa a farko sun goyi bayan rufewar, saboda sun gaji da infoma masu buga wa 'yan daji waya. Na taɓa zama a wani ɗaki a ƙasar waje ana tattauna wannan rufewa, mutum huɗu a gaba, babu wanda ya taɓa taka Zamfara. Sun faɗi gaskiya gwargwadon abin da suka karanta, amma duk sun ɗauka kowa a jihar yana adawa da matakin. Da akwai irinki a ɗakin, da hirar ta koma kan tambaya mai wuya: me za ki ce wa mutumin da ya yarda a kashe masa waya in dai zai kwana lafiya?

Haka batun WhatsApp. Yawancin masu bin diddigin labarai rubutu da hoto suke bi. Ke kin san a wajen matan da kuke koyarwa saƙon murya ne ke yawo, da Hausa, daga rukunin 'yan islamiyya zuwa na dangi zuwa na 'yan adashi, kuma idan muryar ta yi kama da ta malami ba mai tambayar daga ina ta fito. Tun binciken BBC na 2018 kan yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikicin Filato ake kukan ƙarancin masu jin Hausa a aikin sa ido kan abin da ake yaɗawa. Abin dariya, ɗaya daga cikin manyan shafukan tantance labarai a Najeriya sunan Hausa gare shi, Dubawa. Wadda ta san yadda ƙarya ke tafiya cikin gidajen aure a Gusau, abin da ta sani ba a samunsa a Nairobi ko Berlin, kuma masu shirya taro suna nemansa ido rufe.

Abin da ya sa ake tsallake sunanki

Kashi ɗaya ba laifinki ba ne. Masu nema sun yi yawa, kuɗi ya ragu. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare a farkon 2025, ƙungiyoyi da dama a wannan fanni suka tsuke bakin aljihu, kuma kuɗin tafiye-tafiye ne ake fara yankewa. Faɗuwa uku ba komai ba ce, ni ma na daina ƙirga nawa.

Sauran kuwa a hannunki yake. Na taɓa zama a kwamitin zaɓe na wani ƙaramin taro, fom ɗaruruwa, kujeru ba su kai ashirin ba. Kafin ki karanta talatin idonki ya gaji, domin kusan kowa abu ɗaya ya rubuta: ina sha'awar fasaha, ina son ƙaro ilimi, ina son haɗuwa da mutane, zan dawo in wayar da kan al'ummata. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, Turancin ya ƙara santsi, kamannin kuma ya ƙara yawa. Fom ɗin da ke sa mai karatu ya gyara zama shi ne wanda ya ambaci wuri da adadi da abin da ya faru: islamiyyu nawa kuka shiga, mata nawa, wace irin damfara ce ta fi kama su, me kuka gwada bai yi aiki ba. Turanci mai gargada da ke ɗauke da gaskiyar aiki ya fi gogaggen da babu komai a cikinsa. Ki rubuta da Hausa tukuna yadda za ki ba ƙawarki labari, sannan ki juya.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci: ki daina nema a matsayin 'yar kallo. Waɗannan taruka watanni kafin ranar suke buɗe ƙofar karɓar shawarwarin zama, wato kowa ya kawo batun da yake son a tattauna da sunayen waɗanda za su yi magana. Idan aka zo rabon tallafin tafiya, masu zama a jadawali ake fara dubawa, domin in ba su zo ba ɗaki zai zauna wayam. Masu tantancewa kuma suna son ganin zaman da ya haɗa ƙasashe daban-daban, da mata, da sababbin fuskoki. A nan Hausa ta ba ki abin da 'yar Legas ba ta da shi. Nijar ta katse intanet na wayar hannu kimanin kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Chadi ta toshe kafofin sada zumunta wata goma sha shida, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Kamaru ta kashe intanet a yankunanta masu amfani da Ingilishi wata uku a farkon 2017. Ki nemo 'yar jarida a Maraɗi ko Damagaram, da wani a Njamena, ku haɗa zama ɗaya kan yadda mata ke rayuwa idan an ɗauke layi da sunan tsaro. Za ku iya tsara shi gaba ɗaya da Hausa ta waya. Ƙasa uku, harshe ɗaya, batun da kowa a cikinku ya gani da idonsa. Da wuya mai tantancewa ya wuce wannan bai tsaya ba.

In haɗa zama ya yi miki nauyi a karon farko, ki duba jadawalin bara, ki ga ƙungiyoyin da suka yi magana kan Arewa ko kan mata da tsaron waya, ki rubuta musu gajeren saƙo: ga abin da muke yi, ga rahotonmu, in kuna shirya zama bana ina da abin faɗa. Sau da yawa suna neman mai magana daga yankinmu su rasa.

Wannan ya kawo mu ga rahoton. Mai tantancewa zai rubuta sunan ƙungiyarku a intanet ya ga me zai fito. In babu komai, sai ya wuce. Ba sai kun yi rajista ko kun buɗe ofis ba. Shafi biyu sun isa, da Hausa da Turanci: abin da kuka yi a shekara, abin da kuka gano, hotuna kaɗan da izinin masu su. Ki kuma riƙa shiga zaman da ake yi ta intanet, ki yi tambaya, ki faɗi sunanki da garinku. RightsCon yakan ba da tallafin data ga masu halarta daga gida, kuma samunsa ya fi na tikiti sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma makarantar AfriSIG da ƙungiyar Association for Progressive Communications (APC, ba jam'iyyar siyasa ba) da abokanta ke gudanarwa tun 2013, 'yan kwanaki ana koyar da yadda ake tafiyar da intanet, gab da taron IGF na Afirka. Ajin ƙarami ne, kuma waɗanda suka fito daga ciki sukan ja juna zuwa wasu wuraren.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Samun tallafi rabin tafiya ne, biza ce sauran rabin. A RightsCon na 2023 a Kosta Rika, mutum fiye da 300, da yawansu 'yan Afirka, ba su samu shiga ƙasar ba saboda matsalar biza, har masu taron suka fito suka amsa cewa abin ya faru. Bizar Turai ta Schengen Yuro 90 ce tun tsakiyar 2024, kuma in an hana ki ba a mayar da kuɗi. Budurwa, babu albashi a banki, fasfo sabo fil babu hatimi ko ɗaya: wannan ita ce siffar da ofisoshin jakadanci suka fi hanawa. Shi ya sa na ce ki fara da Afirka. Ghana da Senegal ba ki buƙatar biza da fasfon ECOWAS, Ruwanda ma ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka. Hatimi biyu ko uku na shiga da fita su ne shaidar cewa kina dawowa gida.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara ki yi shi tun yanzu. Ki tambayi masu taro a rubuce me tallafin ya ƙunsa, domin wasu tikiti da masauki kawai suke biya, wasu kuma sai kin kashe naki su mayar miki bayan makonni. Ki tambaya ko kuɗin mota daga Gusau zuwa filin jirgin Kano ko Abuja yana ciki, galibi mantawa suke yi cewa ba kowa ke zaune kusa da filin jirgi ba. Kada ki dogara da katin naira kaɗai a waje, ki riƙe 'yan daloli a jaka.

Ke mai koyar da mata gane damfara ce, to ki sani akwai ta taro. Saƙo zai zo cewa an zaɓe ki zuwa babban taron matasa a Amurka ko Kanada, an biya tikiti, ke dai ki tura kuɗin rajista ko na kama ɗaki a wani otal. Taron da ba ki nema ba kuma yake neman kuɗinki, ki goge saƙon.

Sai gida. Kada ki bari sai tikiti ya fito ki sanar da Baba. Tun ranar da kika cike fom ki gaya masa, ki nuna masa takardar gayyata in ta zo, da sunan masauki, da lambar wata babbar mace da za ta je. Na sha karɓar wayar iyaye ina yi musu bayani, kuma ban ga wanda ya hana ba bayan ya ji muryar wadda za ta riƙe masa amana. Wanda aka yi wa ba-zata ne ke cewa a'a.

In kin sauka

Kafin ki bar gida ki fitar da sunan mutum biyar da kike son gani, ki rubuta musu ki nemi minti goma. Ki shirya bayanin aikinku da ba zai wuce minti ɗaya ba. Kada ki cika ranarki da shiga ɗakuna, zama biyu ko uku sun isa, sauran lokacin ki tsaya inda ake shan shayi. Ki fi zuwa ƙananan zaman da ake kewaye teburi a kan manyan jawabai.

Da dare akan yi liyafa, wani lokaci da giya da kiɗa, kuma ba zan ɓoye miki ba, a nan ake ƙulla abubuwa da yawa. Ni nakan je da wuri, in gaisa da waɗanda nake nema, in fita kafin wuri ya ɗau zafi. In ba ki son zuwa sam, karin kumallo ya fi liyafar ma, mutane a natse suke, ba hayaniya. Ki tambayi ɗakin sallah tun ranar farko, in babu su ware miki wuri.

Wasu zaman ana yinsu ne bisa ƙa'idar Chatham House: kina iya amfani da abin da aka faɗa, amma ba ki faɗin wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Kada ki ɗauki hoton kowa ba izini, akwai waɗanda hoto ɗaya zai iya kai su kurkuku a ƙasarsu. Ke ma ki auna bakinki a zaman da ake naɗa. Za ki koma Gusau, su kuwa masu tafa miki ba za su bi ki ba, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024, yana nan. Sunan ƙauye ko na matar da ta ba ki labarinta ba abin faɗa a lasifika ba ne.

Cutar da ke kama masu zuwa

Akwai mutanen da taro ya zama sana'arsu. Fuskoki ɗaya daga Accra zuwa Lusaka zuwa Dakar, jawabi ɗaya, kalmomin kawai ake sauyawa bisa abin da masu ba da kuɗi ke yayi: jiya labaran ƙarya, yau ƙirƙirarriyar basira. In ka tambayi aikin da suka yi a gida bara sai a fara kame-kame. Ni ma ta taɓa ni. Akwai shekarar da na yi tafiya shida, na dawo na tarar rukunin matan da muka fara da su ya watse, ba wanda ya kira su wata huɗu.

Akwai kuma ranar da za a gayyace ki don hijabinki kawai, a zaunar da ke a ƙarshen layi, a ba ki minti uku ki ba da labarin wahala, sannan masana su yi sharhi. In kin ga alamar haka ki tambaya tun kafin ki amsa: minti nawa gare ni, wace tambaya za a yi mini, zan iya kawo shawarar mafita? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ki san abin da mai biyan tikitin yake so kafin ki hau jirgin. Ku biyar ne kuma a ƙungiyar. In ke kaɗai ce ke tafiya kullum, ba za ku daɗe ku biyar ba. Ku yi karɓa-karɓa, wadda ta je ta dawo ta zaunar da sauran ta zazzage musu duk abin da ta samo, har da lambobin mutane.

Ki ɗauki maganata da sanin cewa na shigo harkar nan lokacin da kuɗi ke da yawa masu nema kaɗan, kuma ina da ofis a bayana da ke ba ni takarda. Taki hanyar ta fi tawa tsauri, mai yiwuwa ki bi duk abin da na faɗa shekarar farko ta wuce ba a kira ki ba. Ranakun buɗe fom da dokokin biza kuma suna sauyawa, ki riƙa duba shafukan masu taron da kanki.

Adashin kuwa, ki cire kuɗin fasfo da katin shawara. Ki ware na data da na buga rahoton nan mai shafi biyu. Ki ajiye kuɗin mota da kwana biyu na mutum biyu zuwa Kano, ke da ɗaya daga cikin ƙawayenki, ku je taron CITAD na gaba da rahoton a hannu. Abin da ya rage ki bar shi a asusunki na banki kada ki taɓa, ranar da za a nemi bayanan asusun wata shida zai yi miki amfani. In kin rubuta shawarar zaman nan na ƙasa uku, ki turo mini kafin ki aika, zan duba miki.